Malamar da Ta Kai Duka Ajinta Jarrabawa

Yara ne suka sa mata suna Malama Sake, domin duk wanda ya kawo mata aiki a karkace, kalma ɗaya take faɗa masa: "Sake." Sunan ya bi ta har kasuwa. Mijinta ma, kafin ya rasu, idan ya so tsokanarta sai ya ɗanɗana miya ya ture kwano ya ce, "Sake."

Makarantun gwamnati uku ne a gundumarsu: ta bakin titi, ta kusa da asibiti, sai ta bayan masaƙa, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da ajin ƙarshe. Lokacin da ta fara aiki, yara matsuwa suke yi a benci, wasu a ƙasa suke zama da littafi a cinya. Da aka rufe masaƙar, masu hali suka kwashe iyalansu suka bar unguwar. Aka bar mata 'ya'yan masu gadi da masu wanki, da jikokin da aka jibge wa kakanni. Bencin da ake faɗa a kansa ya zama wurin ajiye bokitin tare ruwan rufi.

Kuɗin makaranta kuwa da yawan yara ake ba da shi. Yaro ya tafi, rabonsa ya bi shi. Aka janye malamin lissafi, ta ɗauki lissafi. Aka sallami mai shara, ta sayi tsintsiya. Ana cikin haka sai ga sabon umarni daga sama: gundumar ba za ta iya riƙe makarantu uku ba, don haka wadda ta zo ƙarshe a jarrabawar ƙarshen shekara za a rufe ta, a raba yaranta ga sauran.

Sakataren ilimi na gundumar ƙaninta ne, ciki ɗaya, wanda ta goya ta kuma koya masa karatu. A ofis ana ce masa Ranka Ya Daɗe, a gida kuwa Auta ne. Wata yamma ya same ta a baranda tana duba aikin yara.

Ya ce, "Yaya, magana na zo mu yi, amma ba ta ofis ba ce."

Ta ce, "Ta ofis ce, tunda da takalmin ofis ka zo. Zauna."

Ya zauna yana juya makullin mota a hannu. "Yaran nan na bayan ajinki, masu haɗa baƙi da ƙyar. Ranar jarrabawa su zauna a gida, a ce zazzaɓi ne. Wanda bai rubuta ba, ba a lissafa shi."

"Duka rana ɗaya zazzaɓin zai kama su?"

"Sauran makarantun haka za su yi. Kuma ba daga bakina kika ji ba."

"Kai ma a bayan aji ka zauna, Auta. Wa ya ɓoye ka?"

Ya ce, "A lokacina ba a rufe makaranta saboda ni, Yaya."

Ta jawo littafi na gaba.

Ranar jarrabawa da kanta ta bi gida-gida ta tattaro su. Har da 'yar mai wanki, yarinya mai in'ina wadda sai a shekarar ta iya rubuta jimla ba tare da ta juya baƙi ba. Yarinyar ta fito daga ɗakin jarrabawa tana tsalle, ta ce ta cika shafi guda. Malama Sake ta ji daɗin ranar kamar ita aka ba kyauta.

Da sakamako ya fito, makarantar bayan masaƙa ce ta ƙarshe, da rata mai yawa. Sauran biyun, inda zazzaɓi ya yi ɓarna a ranar, suka fito tas.

An yi taron iyaye a ajinta kafin a sa kwaɗo. Zancen shawarar Auta ya riga ya zaga unguwa. Ta yi zaton za a zagi hukuma, ashe ita ake jira. Matar wani mai gadi ta miƙe ta ce, "Malama, an ba ki hanya kin ƙi. To yanzu gaskiyar taki ce za ta riƙa kai mana yara bakin titi kullum? Ke ba ki da ɗa a nan, shi ya sa." Malama Sake ba ta taɓa haihuwa ba, kuma kowa a ɗakin ya sani. Babu wanda ya ce wa matar ta yi shiru.

An yi alkawarin motar ɗaukar yara. Ta yi zango ɗaya, aka ce babu mai. Shugabannin makarantun biyu suka karɓi masu ƙoƙari hannu bibbiyu, na bayan aji kuma aka ce babu gurbi, su dawo zango mai zuwa. Suka dawo, aka sake ce musu haka. Daga nan ba su ƙara komawa ba. Yaran da ta ƙi ɓoyewa na yini ɗaya, aka ɓoye su gaba ɗaya, ba tare da kowa ya yi ƙaryar zazzaɓi ba.

Ita aka mayar da ita ofishin gunduma, aka ba ta tebur a lungu kusa da banɗaki, babu aikin fari babu na baƙi, har ta yi ritaya. A shekarar da ta biyo baya sakamakon gundumar ya ɗaga, aka yi wa Auta ƙarin girma zuwa hedikwata, da lambar yabo. Ginin makarantar aka ba wani bakanike haya. A allon ajinta yake rubuta lambobin motocin da ke jiran gyara.

Ta gwada tara yaran a barandarta da yamma, kyauta. Suka zo da farko, sannan aiki ya janye su ɗaya bayan ɗaya: wannan ya tafi wankin mota, wancan dako a tasha. 'Yar mai wanki ce ta ƙarshe. Ranar da ta daina zuwa, uwarta ce ta leƙo ta ce hannu biyu ba sa isar ta, Malama ta yi haƙuri.

Wani dogon hutu Auta ya zo da ƙaramar 'yarsa, wadda take makarantar kuɗi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Yaya, lissafi ne ya gagare ta. Na ce ko za ki duba min ita."

Ta daɗe tana kallonsa. Yarinyar ta maƙale a jikin ubanta, ba ta san komai ba. Malama Sake ta ce mata, "Zo nan wurin Gwaggo. Kai kuma tafi."

Tun daga ranar mota take sauke yarinyar kowace safiya. Matan layin suna zaune a ƙofar gidajensu suna kallo. Wata safiya ta ji ɗayarsu tana cewa, ba a ɓoye ba, "Ta rufe ta talakawa, ta buɗe ta manya." Malama Sake tana riƙe da hannun yarinyar a lokacin. Ta ja ta suka shiga ciki, ta tura ƙofa, ta ce mata ta buɗe littafinta.