Balbelar da ta zo daga Turai

Shekarar da na baro Nguru na shiga kwaleji a Gashuwa, ban san kowa ba sai wata 'yar unguwarmu da ke aji na gaba da ni. Ita ta lura ina yawan rubuce-rubuce, ta ce in je in shiga jaridar ɗalibai. Na tafi da zumuɗina, har da sabon mayafi.

Ofishin jaridar wani ɗan ɗaki ne a bayan ɗakin karatu, inda ake jibge karyayyun kujeru. A nan na tarar da Edita, wani dogon saurayi mai tabarau, ya rataya katin shaida a wuya. Ko masallaci da katin yake zuwa. Ya gabatar mini da mutanensa: Mataimakin Edita, Editan Labarai, Editan Siyasa, sai Editan Harkokin Waje, wanda bai taɓa wuce Damaturu ba. Kowa a ɗakin edita ne, babu mai rubutu ko ɗaya. Ashe abin da ya sa suka yi murna da zuwana ke nan.

"Ƙanwata, aikin jarida ba wasan yara ba ne," in ji Edita. "Sai kin kwantar da kai."

"To, Yallaɓai," na ce. Na ga kalmar ta yi masa daɗi, har ya gyara zama.

Kwantar da kan da na yi shi ne shara, da buga musu rubutunsu a kwamfuta. Turanci ne irin wanda ake kwasowa daga ƙamus da shebur. Sai in buga shafi guda ban gane abin da mutum yake son faɗa ba, in na tambaye shi kuma ya ce ai ba kowa aka rubuta wa ba.

Wata rana da bazara Edita ya tara mu, ya ce zai kai jaridar inda ba ta taɓa zuwa ba. Za mu fadamar Dagona, mu ɗauko rahoton tsuntsayen da ke zuwa daga Turai.

Ni a bakin fadama na girma, don haka na ɗaga hannu. "Yallaɓai, tsuntsayen nan ai sun koma. Da sanyi suke zuwa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke kika ba su biza?"

Editan Harkokin Waje ya yi dariya har da buga cinya. 

A-kori-kura muka hau. Edita ya shiga gaba da kwat da lakataye, cikin zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Mu kuwa muna baya tare da buhunan gishiri. Da muka isa, ruwa ya ja baya, masunta na zaune suna gyaran koma. Wani mai kwale-kwale ya yarda ya shiga da mu ciki ko za mu dace da ragowar tsuntsayen, amma Edita ya dubi laka, ya dubi takalminsa, ya ce ɗan jarida na gaskiya daga nesa yake nazari.

Muna nan tsaye sai ga garken shanu sun zo shan ruwa, balbelu na biye da su suna tsintar ƙwari. Edita ya yi tsalle.

"Ga su nan! Ku dubi farinsu! Daga gani ka san ba na nan ba ne!"

Balbela ce fa, irin wadda ke kwana a bishiyar bayan gidanmu tana ɓata mana shanya. Mai kwale-kwalen ya juya ya koma kan komarsa. Editoci kuwa suka jeru aka shiga ɗaukar hoto. Edita ya dafe haɓa yana kallon sama, ya sa aka yi ta maimaitawa har sai da katinsa ya fito sosai.

Na bar su, na je wajen wasu mata da ke bandar kifi. Suka ba ni tabarma da ruwa. Da Hausarsu mai karin Bade suka ba ni labarin kachalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye ɗan abin da ya saura. Wata tsohuwa ta nuna mini inda gonar mijinta take a da. Ban ga komai ba sai ciyawa ta fi mutum tsawo. Da muka koma na zauna na rubuta shi tsaf, na kai wa Edita.

Ya karanta layin farko ya miƙo mini. "Ƙanwata, wa zai karanta labarin ciyawa?"

Jarida ta fito, aka manna ta a allon sanarwa. Edita ya ba da labarin yadda sararin Dagona ya yi duhu saboda yawan baƙin tsuntsaye. Hoton balbelun bai yi kyau ba, don haka suka ɗauko wani daga intanet: dinyoyi, manyan agwagin dajin nan, suna shawagi, a bayansu ga wani dogon dutse da ƙanƙara a kansa. Hoton Edita ya fi na tsuntsayen girma. Sunana yana can ƙasa, an rubuta ni ce na buga rubutu.

Na tsaya kusa da allon ina jiran a yi musu tsiya. Kwalejin cike take da 'yan Bade, wasu ma daga Dagonan suke. Wani ɗan unguwar Katuzu ya karanta, ya ce wa abokinsa ɗan Dagona, "Ashe kun yi dutse ba ku faɗa mana ba," suka yi dariya suka wuce cin abinci. Shi ke nan. Wani malami ma ya yabi rahoton a taro, aka ba Edita takardar yabo, ya sa ta a firam. Ni kuwa daga makon ban ƙara taka ɗakin ba, kuma ba su neme ni ba sai ranar da suka rasa mai buga musu rubutu.

Da daminar da ta wuce na ji muryar Edita a rediyo. Ya zama kakakin wani ɗan siyasa. Yana tabbatar wa jama'a cewa ambaliya ba ta shiga gari ba, ya zagaya ya gani da idonsa. A lokacin ina tsakar gidan gwaggona, ruwa iya gwiwa, muna ɗora buhunan shinkafa a kan gado.

"Wane ne wannan?" in ji Gwaggo.

Na ce tare muka yi makaranta.

"To kashe shi, ki kama mini buhun nan."