Reshen da Ke Saman Ɗakina

Akwai darbejiya a tsakar gidanmu a Wudil, surukina ne ya dasa ta tun ba a haifi mijina ba. Wani reshenta mai kauri ya miƙe daidai saman ɗakina, kuma na lura ya tsage daga gindi. Ni nake share wurin kullum, ina ganin garin itacen da gara ke zubowa. Iska na tasowa sai ya kama ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A ƙarƙashinsa kuwa 'yata take barci.

To 'yar fari ce. A gidanmu ba a nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukai, ko sunanta ba na kamawa. Sai na ce wa Inna, uwar mijina, tangaran ɗin jerena nake ji wa tsoro. Ta dube ni, ta ce lalle tangaran abin tausayi ne.

Gatari ba zai yi ba, sara zai girgiza reshen ya rufta kan ɗakin. Maigidana ya ce zai sayo injin yankan itace, dama bishiyoyin gonarsu ta Darki na son sassabe. Babba yake so, irin na masu katako. Na yi ta roƙonsa ya duba marar nauyi, wanda zai iya hawa tsani da shi, don shi ɗin kamar sillen kara yake. Ya yi dariya, amma ƙarami ya kawo, ja, har da kwalbar auna baƙin man da ake haɗawa da fetur.

Ya gwada shi a wani kututture, ya wuce kamar ana yanka kabewa. Don murna ya kwance sarƙar injin mai yin yankan, ya wanke ta da kananzir, ya wasa haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da ita. Ina gefe ina tsintar shinkafa, idona na kansa.

Washegari hadari ya haɗo daga gabas. Aka ɗaure reshen da igiya, maƙwabta biyu suka riƙe, maigidana ya hau tsani. Injin ya yi ta ruri, hayaƙi na tashi, reshe ko gezau. Ɗaya ya ce jabu aka sayar masa, ɗayan ya ce a bari sai bayan damina.

Daga bakin labule na hangi abin. Jiya da ya gwada injin, haƙoran saman sarƙar gaba suke kallo, kamar bakin kaji a kan tsaba. Yau shi suke kallo. Ba na iya magana a gaban maza, sai na raɗa wa Inna.

"Kai, sauko," in ji ta. "Matarka ta ce ka sa wa abin naka haƙora a baibai."

Maƙwabta suka yi ta dariya har igiya ta kusa kuɓuce musu. Ya sauko yana susar ƙeya, ya juya sarƙar. Gunduwa-gunduwa reshen ya sauka, tsakar gida ta cika da ƙamshin ɗanyen itace. Ko gama kwashewa ba a yi ba ruwa ya kece da iska.

Inna ta kwanto yarinyar daga bayanta ta miƙo mini.

"Ungo tangaran ɗin naki, 'yar nan. Duba da kyau, ko ya fashe."

Na rufe fuska da gyale, na karɓe ta. Har yau in ya kwance sarƙar nan, ba ya ɗaure ta sai ya leƙo ɗaki ya ce in zo in duba masa bakin kajin.