Ranar da Na Sa Rigar Kansila

A lokacin da abin nan ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a wani ƙauye tsakanin Bici da Makoda, inda gonar wannan ke jingine da katangar wancan. Sana'ata matsar man gyaɗa da tuyar ƙuliƙuli, maigidana kuma manomi ne, da rani ya ɗan taɓa acaɓa. Na yi makaranta daidai gwargwado, shi ya sa nake rubuto muku da hannuna. Amma ba da karatu aka san ni ba, da baki aka san ni. Allah ya hore mini kwaikwayo. In na ji muryar mutum sau ɗaya to na ɗauke ta ke nan, har da tarinsa da yadda yake gyara zaman hula. Duk gidan da ake biki ko suna, in ban je ba sai mata su ce taron bai yi armashi ba. Ni kuwa kaina ya fasu, ina ganin babu wanda bakina zai bari.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ƙanwar mahaifina ce ta ɗauke ni ta riƙe har ta aurar da ni. Gwaggo nake ce mata, amma ita ce uwata, ba ni da wata. Ko bayan aure da wuya a kwana biyu ban leƙa ta ba, in tsefe mata kai, in yi mata shara, ita kuma ta sa ni in kwaikwayi mai unguwa ko mai tallar kifi ta yi ta dariya. Tana da ɗa namiji guda ɗaya, sa'ana, a kwano ɗaya muka ci abinci muka girma. Shi ɗan mace ni 'yar namiji, taubasai ke nan, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin taubasai. In ya sa sabon takalmi in ce na aro ne, in na yi tuwo ya ce ko jaki ba zai kalla ba. Ba a fushi, wanda ya yi fushi ma shi ake yi wa dariya. Da ya shiga siyasa har ya ci kansila, jama'a suka koma ce masa Honorabul, ni dai ban fasa ce masa bawana ba, shi ma bai taɓa nuna ya fi ƙarfin wasan ba.

A cikin mulkinsu ne aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a sama an shafe shi da fentin jam'iyya. Ranar buɗewa ciyaman ya zo da kansa, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka murɗa famfo ruwa ya zubo, aka yi tafi da guɗa. Abin da duk ƙauyen ya sani, baƙi ne kaɗai ba su sani ba, shi ne motar ruwa ce ta zo tun kafin taron ta cika tankin. Da abin da aka zuba ya ƙare, famfon ya yi shiru, bai sake ɗiga ba. Muka koma wajen 'yan garuwa kamar da, har ita Gwaggo uwar kansila saye take yi. Ba wanda ya ɗaga murya, sai dai a yi tsaki a wuce.

Sai matar kansila ta haihu, aka yi taron suna a gidan, wato gidan Gwaggo, don tare suke zaune. Da la'asar tsakar gida ta cika da mata, babu namiji ko ɗaya. Na hango babbar rigarsa a kan igiya, ita ce ma wadda ya sa ranar buɗe famfon. Shaiɗan ɗin wasa ya zuga ni. Na zura ta, na cusa matashin kai a ciki ya zama tumbi, na ɗora hularsa a kan ɗankwalina, na ɗauki ludayi a matsayin abin magana. Na yi jawabinsa kaf da muryarsa, yadda yake jan kalmar al'umma, yadda yake goge gumi da hannun riga. Na ce daga yau ƙishirwa ta yi ƙaura daga garin nan, sannan na murɗa bakin buta babu komai a ciki, na kara kunne ina sauraro, na ce a yi haƙuri ruwan yana hanya, ya tsaya gaisuwa ne a gidan ciyaman. Kai, ranar mata sun yi dariya har da masu faɗuwa. Gwaggo ta riƙe ciki tana hawaye tana cewa in bari haka kada in kashe ta. Kansilan da kansa ya leƙo daga zaure jin hayaniya, ya gan ni cikin rigarsa, ya yi dariya ya nuna ni da yatsa ya ce zai rama, in jira shi ranar sunan gidana. Na ga wayoyi a hannun wasu baƙi da suka zo daga dangin maijego, amma wallahi ban kawo komai a raina ba. A ganina wasan taubasai ne, a cikin gida, gaban uwarmu.

Ba a yi nisa ba maigidana ya dawo daga kasuwa fuskarsa a murtuke, ya miƙo mini wayarsa. Ga ni nan a TikTok cikin babbar riga. An yanke dariyar Gwaggo, an yanke inda kansila ya leƙo, an ɗora rubutu a sama da sunan ciyaman da na jam'iyya, wai matan karkara sun tona asirin ɓarayi. Ni da ban taɓa mallakar babbar waya ba, na wayi gari mutanen da ban taɓa gani ba suna yanke mini hukunci. Wasu na cewa jaruma, a ba ta takara. Wasu na cewa matar aure mara kunya ta sa kayan maza, ina mijinta yake, ashe ba namiji ba ne. Akwai zagin da ya taɓa mahaifiyata da ke kabari, shi ne har yau na kasa mantawa. Sojojin bakan 'yan adawa suka ɗauka suna sa muryata a rediyo. Maigidana ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai gida.

Daga nan aka aiko ana nemana a ofishin 'yan sanda. Maigidana ya goya ni a babur, mai unguwa ya biyo mu. Aka ce wata ƙungiyar matasan jam'iyya ce ta kai ƙara, ana zargina da ɓata suna da tunzura jama'a ta intanet. Na ce ni ban san intanet ba, ban ɗauka ba, ban sa ba. Na ce kuma wanda na kwaikwaya taubashina ne, a tambayi duk garin. Jami'in da ke tambayata ɗan ƙasar nan ne, na ga ya gane, har ya ɗan murmusa, amma ya ce mini doka ba ta san taubashi ba. Ya tambaye ni wa ya ɗauki nauyina, wa ya koya mini abin da zan faɗa. Ni 'yasu, wa zai koya mini muryar wanda muka tashi ɗaki ɗaya? Na wuni a kan benci, nonona ya cika yana mini zogi don na baro goyo a gida, sai dab da magariba aka ba mai unguwa belina, aka ce za a kai magana kotu.

A nan ne na gane inda abin ya fi muni. A gidan kansila aka ɗauki hoton, da rigarsa da hularsa, don haka manyansa suka ce da saninsa aka yi, yana cin tuwonsu yana yi musu zagon ƙasa. Aka daina ɗaga wayarsa, aka ce kujerar ma sai ya yi da gaske. A ɗaya ɓangaren kuma wasu mutane suka zo gidanmu da mota, suka yi sallama da maigidana. Suka ce 'yancin faɗin albarkacin baki haƙƙina ne, za su tsaya mini da lauya kyauta, za su kai ni gidan rediyo, kada in yarda in sunkuyar da kai. Ba zan ɓoye ba, maganarsu ta shige ni, don na san ban yi ƙarya ba. Famfon nan ko tsuntsu ya daina sauka a kansa.

Sai Gwaggo ta aiko in zo. Na same ta a ɗaki ita kaɗai, ta rame a 'yan kwanakin nan kamar wadda ta tashi daga jinya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta san wasa na yi, ita ma ai ta yi dariya, in laifi ne to tare muka yi. Ta ce amma ɗanta ya durƙusa a gabanta yana kuka, kuma an ce abu ɗaya ne zai fitar da shi, in fito in ba da haƙuri a gaban waya in ce abin da na faɗa ba gaskiya ba ne. Ta ce in na bi masu mota, to ba za ta tsine mini ba, amma ba ta san yadda ƙafata za ta sake taka gidan nan ba alhali shi ne mai gidan. Ta kama hannuna ta ce ita ba ta iya zaɓa tsakaninmu, in taimake ta kada in sa ta zaɓa.

Na zaɓi Gwaggo. Aka sa rana, motar ruwa ta sake zuwa ta cika tankin, ina kallo da idona. Aka tsayar da ni a gindin famfon cikin dogon hijabi, matasan jam'iyya sun kewaye ni da wayoyi. Aka faɗa mini abin da zan ce, na maimaita: cewa na yi kuskure, zuga ni aka yi, famfo yana aiki, ina neman afuwar shugabanni. Aka ce in murɗa, na murɗa, ruwa ya zubo mini a ƙafa. Matan da muke layin 'yan garuwa tare suna tsaye daga nesa da bokitansu suna kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko a bencin 'yan sanda ban ji haka ba. Aka janye ƙara. Waɗanda suka ce mini jaruma suka koma cewa an saye ni, masu motar da suka yi mini alkawarin lauya kuwa ban sake jin ɗuriyarsu ba. Bayan ɗan lokaci duniya ta samu wani abin kallon ta manta da ni.

Na ci gaba da zuwa gidan Gwaggo, amma gidan ya canza mini. Ranar da na fara haɗuwa da taubashina a zaure, na buɗe baki da niyyar in ce bawana, sai ya riga ni. Ya gaishe ni a mutunce, ya ce mini Malama, ya tambayi maigida da yara, ya wuce. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi. Tun daga ranar haka muke, gaisuwa mai kyau kamar baƙi. Aka yi suna a gidana bai zo ya rama ba, sai ya aiko da turmin atamfa. A wajen biki kuma in mata suka ce in ɗan taɓa musu, sai in ce kaina ke ciwo, har suka gaji suka daina tambaya.

Da ciwon ajali ya kwantar da Gwaggo ni na yi jinyarta. Wata rana da hantsi ta ɗan samu sauƙi, 'yan dubiya na zaune, ta dube ni ta ce ta yi kewar dariya, in yi mata kansila ko kaɗan ne. Na ce to. Na gyara zama, na buɗe baki, sai na tsinci idona yana bin hannuwan matan da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ina duba wa ke riƙe da waya. Ba wadda ke riƙe da komai, 'yan'uwa ne duka. Duk da haka muryar ta ƙi fitowa. Na nema na rasa, abin da nake yi tun ina yarinya ba tare da tunani ba. Gwaggo ta jira, ta jira, sannan ta shafa hannuna ta ce ba komai, wata rana na yi mata. A daminar shekarar ta rasu, ban yi mata ba.

Yanzu ina jin ana muhawara a rediyo kan a sa wa masu magana a waya linzami. Ni na gaji, ba ni da ƙarfin gardama. Na yarda akwai masu ƙarya da cin mutunci, ai ni aka yi wa, kuma da za a hana da na fi kowa murna. Sai dai ban ga an kira ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka zagi mahaifiyata ba, ban ga an nemi wadda ta ɗauki hoton ko wanda ya ɗora rubutun ba, ban ji an tambayi kowa ina ruwan famfo ya tafi ba. Ni kaɗai aka gani, mai ludayi da buta.

'Yan'uwana mata, ba cewa nake ku daina wasa ba, kuma ba cewa nake a ga ɓarna a yi shiru ba. Amma ku sani tsakar gida ta daina zama tsakar gida. Wasan da dangi suka san ma'anarsa, in ya fita waje wasu ne za su ba shi tasu ma'anar, kuma ba za su biya abin da ya karye ba. Ke kuma mai ɗaga waya a taron mutane, ki ji tsoron Allah, ki tambaya kafin ki ɗauka, don ba ki san me za ki raba ba. Ni an raba ni da taubashina yana raye, an hana uwata dariyarta ta ƙarshe. Har yau ta gindin famfon nan nake bi in je sayen ruwa.