Yatsun Inna a Wuyan Hannuna

Inna ba ta amsa gaisuwata sai ta auna ni. Ina sauka daga mashin a ƙauyenmu, can gefen Zango, za ta kamo wuyan hannuna ta zagaye shi da babban yatsa da na tsakiya. In yatsun suka haɗu, to na rame, ranar ba zaman lafiya.

A shekarar da fara ta cinye gero aka haife ni. Ni labari nake ji. Da cikina Inna ta yi watanni tana cin tafasa da dusar awaki. Da na faɗo, ungozoma ta dube ni ta ce kar a yi saurin neman ragon suna.

Tun daga nan Inna take ramawa. Fura da suga cokali uku, tuwo malmala biyu. Da na koma Daura gyaran waya, duk Juma'a sai direban ƙauyenmu ya kawo min ƙullin fura da suga a leda. Na yi ƙiba, yatsun suka daina haɗuwa, hankalinta ya kwanta.

Bara na fara shan ruwa ba ƙoshi, fitsari ba iyaka, in ina duba cikin waya sai ido ya yi hazo. A asibiti aka ce suga ne, har da hawan jini. Likita ya tambaye ni inda aka haife ni da shekarar. Da na faɗa, ya ajiye biro. Ya ce jikin da ya sha yunwa tun a ciki yakan saba da kaɗan, in ƙoshi ya zo daga baya sai ya kasa ɗauka. In ban bar suga na rage ƙiba ba, idon ne zai fara tafiya.

Na bari. Furar Juma'a maƙwabta nake ba wa. Wata huɗu na ƙi zuwa gida.

Da na je, yatsun suka haɗu, har da rara.

"Ɗan nan, birni ma ba abinci?"

Ta dama fura, ina ji tana zabga suga, ta miƙo min ƙwarya.

"Inna, ba zan sha ba. Ciwon suga gare ni."

"Suga kuma? Ai ciwon masu kuɗi ne, kai mai gyaran waya."

Da ma a nan na tsaya. Amma na maimaita mata maganar likita kaf.

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar.

"Wato dusar da na ci ce."

"Ba haka ya ce ba, Inna."

"Da kuma furar da na ba ka."

Ta juye wa awaki furar.

Idona da sauƙi yanzu. Direba ya daina tsayawa a shagona. In na je gida takan miƙo hannu, sai ta tuna, ta gyara mayafinta.