Gyaɗar da na cinye a hanyar Oforikrom

Shekarun baya can, lokacin da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Ghana, ina saurayi a Zangon Kumasi. Abokina ɗan asalin Nijar ne, amma a Zango aka yanke masa cibiya. Iyayensa sun yi ta jan ƙafa har gab da damina, sannan suka haƙura suka nemi mota.

Yana kiwon tattabaru, mahaifinsa kuma ya ce a yanka su a yi guzuri. Na roƙi abokin nawa ya bar mini su. Ya ce, "Ba na ba wanda bai san tsuntsu ba. Gobe mu fita, asuba zuwa magariba. In ka fi ni ganin iri-iri, naka ne."

Kowa ya cika aljihun hagu da gyaɗa. In ka ga sabon iri, sai ka mayar da ƙwaya ɗaya aljihun dama. Muka fara da ungulu a mahauta, sai hankaka da shirwa. Muka taka har bayan unguwar Oforikrom, ga balbela, ga kurciya. Na ce a sa jemage, ya ce in ji tsoron Allah.

Kafin la'asar ƙafata ta kumbura, yunwa kamar ta kashe ni. Na yi ta cin gyaɗar, aljihun hagu ya ƙare, hannuna ya koma na dama, wallahi ban ma lura ba.

Da magariba muka zube a dakalin masallaci. Ya ce, "Fito da naka." Na laluba, ƙwaya biyu kacal. Kunya ta hana ni ɗaga kai, ina ganin tattabarun nan a tukunya.

Bai yi dariya ba. Ya zaro nasa, cike da tafin hannu, ya watsa a baki, ya tauna a hankali.

"Ni koraa, ko kaɗan, ban ga komai ba yau," in ji shi. "Ka zo da kwando."

Bayan tafiyarsu, kullum tattabarun sai su koma rufin gidansu, inda wasu mutane suka tare. Kullum in je in yi sallama in kwaso su, har na gaji na bari.

Ban sake jin labarinsa ba. Yanzu haƙora sun tafi, gyaɗa ta fi ƙarfina, amma har yau ina saye in zuba a aljihun dama.