Sawun da Ke Ƙarƙashin Ƙwarya

Sauron Illela da damina ba ya barin kowa ya zauna lafiya, shi ya sa bayan lisha kakata Hajjo takan hura wutar kashin shanu a bakin ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna tari muna share hawaye. Wurina kullum kusa da wata tsohuwar ƙwarya ne da ke kife a gindin bango, daidai ƙofa. Ba a ɗaga ta, ba a share wurin. Ranar da na ɗora mata ƙafa na sha ranƙwashin da har yau ban manta ba.

Tatsuniyoyin Kaka duk da dariya suke ƙarewa, ban da guda ɗaya. Ita wannan ba ta ce mana ga ta nan, mu ma ba mu cewa ta zo mu ji. Sai dai ta zuba wa wuta ido ta fara.

Wai wata mata ce mai ɗa tilo, ɗan fatauci, wanda gatari ya cire wa ƙaramin yatsan ƙafa tun yana yaro. Ya kai jakuna Ƙonni, Faransawa suka kama shi suka sa shi soja. Dattawan gari suka zauna suka auna magana: duk wanda Faransa ta kai yaƙi bai dawo ba, wannan an kai shi, ke nan ya mutu. Aka yi sadaka, matarsa ta yi takaba.

Bayan shekaru, wata rana da almuru, sai ga muryarsa a ƙofar ɗakin uwar. Aka sake aunawa: matacce ba ya dawowa, wannan mun ci sadakarsa, ke nan fatalwa ce. Maza suka fito da duwatsu. Uwar kuwa ta tokare ƙyaure da bayanta.

"Shina kira, 'Inna, ni na, buɗe min,'" in ji Kaka, murya can ƙasa. "Ita ko tana karanta duk abin da tas sani. Da gari yaw waye, sai ga sawu bakin ƙohwa, yatsa huɗu."

"To sai mi, Kaka?"

"Haba maigidana, ina kanka? Hwatalwa tana barin sawu?"

A nan Kaka ke tsayawa. Ba a sake jin ɗuriyar ɗan ba, mu kuma mu tashi jiki a sanyaye.

Da na girma aka kai ni makarantar boko a Sakkwato. Wani Bature mai dogon wuya ya koya mana abin da suke kira lojik. Maganar da ka kafa da farko sunanta firamis, wadda ta biyo baya kuma kwankulushan. Ya ce in ta farkon ƙarya ce, komai daidai ka bi hanya, ƙarya za ka tarar. Sai ya ce kowa ya kawo misali.

Ina cikin neman nawa na tuna mahaifiyata ta taɓa cewa babana, wanda aka ce ya mutu a yaƙi ina goye, yatsu huɗu gare shi a ƙafar hagu. Na tuna ƙwaryar. Sauran ya haɗa kansa, ba da son raina ba. Da Baturen ya nuna ni sai na sunkuyar da kai, ya ɗauka Turancin ne ya fi ƙarfina.

Da na zo hutu na durƙusa gaban Kaka na ɗaga ƙwaryar. Babu komai sai rairayi, sawun ya daɗe da shafewa.

"Ruhe, maigidana," ta ce. "Iska za ta ɗauke min shi."

Na rufe. Ban ji haushinta ba, tausayi ne ya kama ni har na yi kuka. Yanzu ni ma na yi furfura, amma in na ji mutum ya buga ƙirji ya ce "ke nan", gabana faɗuwa yake. Kuma iyalina sun gaji da yi mini faɗa saboda ɓarayi, domin ban taɓa yarda a tokare ƙyauren gidana ba.