Mariƙin Babur ɗin Baba Jalo

Shekara goma sha tara Baba Jalo ya yi yana acaɓa tsakanin garinmu Getso da Gwarzo, wani lokaci har Kabo. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ba ya ɗaukar mutum biyu ko da an roƙe shi.

Sauran 'yan acaɓa da zarar sun sayi babur sukan yanke mariƙin da ke kan kujera, don wuri ya ishi mutum uku. Shi kuwa da nasa na kamfani ya tsufa, sai ya sa baduku ya ɗinka masa na fata, faɗin yatsu uku. Jami'an hanya sukan tsayar da shi su duba madubi da hular kwano. Babu wanda ya taɓa tambayarsa mariƙi.

Matan garinmu ba sa riƙe namijin da ba nasu ba. Sai su kai hannu baya su kama ƙarfe, jiki a karkace. A babur ɗin Baba Jalo kuwa mace takan riƙe fatar a gabanta ta zauna daidai. Shi ya sa tsofaffi da masu juna biyu suke jiransa komai daɗewa. Abokan sana'a suna kiransa direban hajiyoyi, shi dai murmushi. Abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa kayar da kowa ba.

Bayan na gama jami'a na fara koyarwa a Gwarzo, shi yake kai ni. Wata Litinin na ji ɗinkin gefen hagu na mariƙin ya saki, har zare ya biyo yatsana. Na shirya maganar tun daga hanya. Da muka isa ya tambaye ni jikin mahaifiyata, sai na ji nauyin nuna wa dattijo aibin abin da yake taƙama da shi. Na yi godiya na shige makaranta.

Ranar Alhamis ya ɗauki Gwaggo Yelwa, yayar mahaifina, zuwa suna a Kabo. Suka faɗa wani rami, fatar ta tsinke a hannunta. Ta karye a ƙugu, har yau da sanda take tafiya.

Gwaggo ta ce ƙaddara ce, danginmu ma babu wanda ya zarge shi. Duk da haka kafin mako ya zagayo ya sayar da babur ɗin ya koma gona.

Sai bayan kaka na iya zuwa. Na same shi a ƙofar gida yana ɓarar wake. Muka gaisa, na faɗa masa komai, idona a ƙasa.

"Zinnira," ya ce mini, "ai ɗinkin minti biyar ne."

Sannan ya auno wake kwano ɗaya ya ce in kai wa Gwaggo, kada in ce daga wurinsa ne.